Ɗurar da Muka Yi wa Karafan Ɗin Baba

Tun ina saurayi aka koya mini cewa mota ba ta ƙin mai. Shekara goma sha ɗaya na yi ina jan wata tsohuwar bas tsakanin Kano da Daura, kuma ban taɓa tayar da ita da safe ba sai na yi mata ciko. Mu a tasharmu ba ma duba baƙin mai don mu ga ko mota na buƙata, muna dubawa ne don mu san nawa ta sha jiya. Direban da ya fita bai zuba wa motarsa ko rabin gwangwani ba, kallon marowaci ake yi masa. Da wannan ilimin na sauka Riyad, ina ji da kaina, ina ganin babu injin da zai ɓoye mini ciwonsa.

Kafilina, wato mutumin da na zo ƙasar da sunansa, dattijo ne ɗan ƙasa mai gida a unguwar Jaradiya. Kakanninsa Hausawa ne da suka taho aikin Hajji a ƙafa, suka zauna ba su koma ba. Yana jin Hausa, irin ta mutanen da, mai nauyi a baki, kuma ina jin don ita ya nemi direba Bahaushe, don ya sami wanda zai riƙa yi wa faɗa da harshen kakarsa. Ni Baba nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "ɗan Kano". Aikina bai taka kara ya karya ba: in kai shi asibiti a Shumaisi a duba masa suga, in kai shi Ulaisha wajen wani tsohon abokinsa su sha gahawa su yi musu, in dawo da shi kafin magariba.

A ƙofar gidan akwai wata ƙatuwar aba lulluɓe da tamfol, ta cinye rabin layin. Karafan suke kiranta, wato mota mai ɗaki a cikinta. Ranar da Baba ya fara buɗe mini ita, sai na tsaya riƙe da baki. Ga gado, ga murhu, ga ɗan tebur, ga kabad cike da tukwane da kofunan shayi, har da labule mai furanni da rana ta cinye kalarsa. Ta girmi wasu 'ya'yan Baba. Da ita yake fita daji da matarsa duk lokacin sanyi, idan ruwa ya sauka ciyawa ta tsiro a cikin rairayi, su kwana biyu ko uku su dawo. Tun da Hajiya ta rasu shekara uku baya, tayar motar ba ta ƙara juyawa ba. Kyanwoyin unguwa sun mayar da ƙarƙashinta ɗakin haihuwa.

Duk da haka Baba bai yar da ita ba. Duk wata yakan shiga ya tayar da injin, ya zauna shi kaɗai na ɗan lokaci, ya kashe ya fito. Duk shekara kuma yakan kira bakanike ya yi mata juyen baƙin mai a inda take tsaye. An yi na bana ina sabon zuwa, na ga Baba zaune a kujera yana ƙirga kwalaben mai da kansa, yana hana bakaniken ƙara ko ɗigo. A raina na ce, Allah sarki, ashe tsufa ma yana zuwa da rowa.

Babban ɗan Baba shi ne ba ya ƙaunar ganin karafan ɗin. Ustaz muke kiransa. Ma'aikacin ofis ne, mutum mai tsafta har ta yi yawa, farar rigarsa ko ƙuda ya sauka a kai sai ya zame. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "tuwo" da zagi guda biyu da ya gada wajen kakarsa ba. Ba mugu ba ne, gaskiya. Tsoro yake ji kada wata rana tsohon ya ɗau mota ya shiga daji ta mutu masa a can, ga suga, ga rashin ido. Ga kuma maƙwabta suna ƙorafin ta tare hanya. Shi ya sa kullum maganarsa ɗaya ce: a kai ta tashlih, wato filin da ake kai matattun motoci a farke su a sayar da kayan cikinsu.

Da ruwan sanyin shekarar ya sauka, sai Baba ya ce shi fa zai fita daji. Aka kai ruwa rana tsakaninsa da Ustaz, ina tsaye da butar gahawa ina zuba musu. Daga ƙarshe suka yi sharaɗi. Ranar Asabar za a fita da ita, Ustaz na biye a tasa motar. Idan ta kai ta dawo lafiya, ba zai ƙara ɗaga maganar ba. Idan kuwa ta tsaya a hanya ko sau ɗaya ne, daga nan saɗaha, motar nan mai shimfiɗaɗɗen baya da ke ɗaukar motoci, za ta kwashe ta zuwa tashlih, ko gida ba za ta dawo ba.

Baba ya juyo ya dube ni. "Ɗan Kano, za ta je?"

Na ajiye butar na bugi ƙirji. "Baba, ai na ja wadda ta fi ta tsufa. In dai ina kan sitiyari, har Makka sai ta je ta dawo."

Ya yi murmushi, na ga hankalinsa ya kwanta. Nan na gane cewa duk abin da ya rage masa na Hajiya ya ɗora shi a wuyana, kuma na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Ranar Litinin na fara aiki. Na sa aka canza batir, aka yi wa tayoyi iska, na kori kyanwoyi suna harara ta. Sannan na buɗe gaban motar na zaro geji, dogon tsinken ƙarfen nan da ake tsomawa a ga inda baƙin mai ya tsaya. Na goge, na mayar, na sake zarowa. Ga alamomi biyu na kamfani can sama, ta ƙasa da ta cika, amma man ko kusa da su bai je ba. Bakin tsinken kawai ya jiƙa, kamar faɗin yatsa ɗaya. Daidai wurin akwai wata 'yar karkatacciyar tsaga a jikin ƙarfen, na ɗauka tsufa ne ya ci shi, ban ko sake kallonta ba.

Na tsaya ina lissafi. Idan na gaya wa Baba, maganar za ta kai kunnen Ustaz, ya ce ai ga shi nan, mota tana shan mai tana tsaye, ina ga ta hau titi. Ban da haka ma, mu a gidanmu ba a tarar babba da labarin da zai ɗaga masa hankali alhali kana iya gyara abin da hannunka. Sai kuma na uku, wanda a lokacin ban yarda da shi ba: mutumin da ya bugi ƙirji jiya, ina zai sa fuskarsa ya koma yana tambayar tsoho yadda ake duba mai?

Saboda haka na bari sai bayan azahar, lokacin da duk Jaradiya ke barci, ko kaza ba ka gani a layi. Na sayo galan mai cin lita huɗu, na ɓoye shi a cikin buhu, na lallaɓa na ɗura mata shi duka. Na ji tana haɗiya, ƙut ƙut ƙut, har tausayinta ya kama ni. Na ce, "Sha, baiwar Allah, kin daɗe da ƙishi." Da na sake tsoma geji, man ya hau, amma har yanzu bai taɓa alamar ƙasa ba.

Ina da aboki a garin, Badamagare, direban tankar ruwa, wanda kafin ya zo ya yi shekaru yana jan tsofaffin manyan motoci a hanyar Agadas. Kowa ya san tsakanin Bakano da Badamagare sai tsiya, in ban zage shi ba ranar ba ya jin daɗin abincinsa. Da yamma muka haɗu wajen shan shayi a Shumaisi, na kwashe labarin na gaya masa, na ce amana ce.

Ya kwashe da dariya har shayi ya sarƙe shi. "Lita huɗu kacal? Kai Bakano, har mota ma sai ka yi mata ciniki? Wannan giwar za ka ba lita huɗu? Wallahi da a Damagaram ne, da an tara maka mutane."

"To malamin mai," na ce, "kai da motarka ruwa take ɗauka, me ka sani game da inji?"

"Halas, halas," ya ce yana share hawaye. "Mafi mushkila, in ji Larabawa, ba damuwa. Allah zai rufa asiri."

Ranar Laraba da safe na je da kwalba guda a hannu don in ƙara, na zaro geji, sai na ga abin mamaki. Man ya hau da kansa, ya zauna daram a kan alamar ƙasa. Na goge na sake tsomawa, haka dai. Na tsaya ina kallon sama. Wani zai ce ya kamata in yi tunani, amma ni abin da ya zo mini shi ne albarka. Na ce tsohon nan mutumin kirki ne, ba ya fashin sallar asuba a jam'i, me zai hana Allah ya sa wa man motarsa albarka? Na mayar da kwalbata cikin buhu ina tasbihi.

Asabar ta zo da sanyi mai daɗi. Baba ya fito tun da sassafe cikin rigar sanyinsa mai kauri, fuskarsa na walƙiya, ya sa an loda shinkafa da nama da itacen hura wuta da lemon tsami cikin jaka. Na roƙa aka bar Badamagare ya raka mu, wai don ya taya ni aiki, gaskiyar kuwa so nake ya ga yadda Kanawa ke tuƙi. Ustaz ya iso cikin farar motarsa da farar rigarsa da jan gyalen kansa a goge tas, ya gaida mahaifinsa, ya dubi karafan ɗin ya koma motarsa.

Na murza makulli. Ta yi tari sau biyu ta kama, wani hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito ta salansa.

Baba ya ɗaga hanci. "Wannan warin fa?"

"Gyaran murya take yi, Baba," na ce. "Shekara uku ba ta hau titi ba."

Muka fita daga unguwa mutane na leƙowa ta ƙofa. Baba na zaune a kujerar gefena yana ɗaga musu hannu kamar ango. Cikin gari ta tafi lafiya, sai ɗan nishi. Da muka bar gine-gine a baya titi ya miƙe, na ɗan taka ta don in nuna wa Badamagare. Nan ne fa aka yi ta. Na duba madubi in ga motar Ustaz, ban gan ta ba. Babu titi, babu sama, babu komai a bayanmu sai hayaƙi fari fat. Can cikinsa na hango fitilu biyu suna ƙyaftawa, ga hon yana tashi ba ƙaƙƙautawa. Injin ya fara shaƙewa, sannan jar fitilar mai ta kama a gabana tana kunnuwa tana mutuwa.

Badamagare ya leƙo ta kafaɗata ya ga fitilar. "Mai take so!" ya ce da ƙarfi. "Na faɗa maka ba ta ƙoshi ba! Tsaya in ƙara mata." Ya zura hannu cikin jakarsa ya zaro kwalbar baƙin mai sabuwa fil.

Na gangara gefen titi na kashe ta. Shiru ya sauka, sai ƙarar injin yana hucewa. Ustaz ya tsaya a bayanmu, ya fito yana tari yana kore hayaƙi da hannu. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zo ta tagar mahaifinsa ya ce a hankali, da Larabci, "Yuba, mun yi magana." Yuba shi ne yadda suke kiran uba. Ya zaro wayarsa ya kira mai saɗaha, aka ce masa yana tafe nan da sa'a ɗaya ko fiye.

Na dubi Baba. Yana zaune hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon titin da ya miƙe zuwa inda ba mu kai ba. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake. Mutumin nan ya ba ni amanar abin da ya fi so a duniya, na kawo shi bakin titi na ajiye. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Can sai ya ce, "Ɗan Kano, sauke ni. Zaro mini tsinken nan in gani."

Na kama shi ya sauko, na buɗe gaban motar, na zaro geji da tsumma don zafi, na miƙa masa. Bai ko kai shi kusa da ido ba, don idon ba ya gane ƙananan abubuwa. Sai ya bi bakin ƙarfen da babban yatsansa har ya sami 'yar tsagar nan da na raina. Daga nan ya ci gaba da shafawa sama. Mai. Ya ƙara sama. Mai, har da kumfa. Yatsan ya yi tafiya mai nisa kafin ya sami busasshen wuri.

Ya ɗago kai. "Wa ya yi wa 'yata ɗura?"

Na dubi ƙasa, ƙasa ta ƙi tsagewa.

"Ni ne, Baba," na ce. "Na ga man a ƙasa ƙwarai, na ji tsoron in tayar maka da hankali. Lita huɗu na zuba."

"Huɗu," in ji Baba, yana sake auna ƙarfen da yatsa. "Wannan ya fi huɗu."

Sai na ji gyaran murya a bayana. Badamagare ne, yana ƙoƙarin tura kwalbarsa cikin aljihun da bai isa ya ɗauke ta ba. "Baba, a yi mini afuwa. Ni ma na biyo ta layin ranar Talata da tankata, na ga kowa na barci, na ɗan ƙara mata biyu. Na ga Bakanon nan zai kashe ta da rowa ne. Ban faɗa ba don alheri ba ya son talla."

Na juya na dube shi. Ashe albarkar da na yi ta wa tasbihi ga ta nan tsaye da silifas.

Baba ya fara dariya. Ya yi ta yi har ya dafa motar, har hawaye suka zubo, har Ustaz ya matso yana tambaya da Larabci me ya faru. Da ya lafa, sai ya ce mu kawo masa kujera. Ya zauna a bakin titi da gejin a kan cinyarsa, ya dubi ɗansa, ya ba da labarin rabi da Larabci rabi da Hausa don kowa ya samu.

Ashe wannan ba gejin motar ba ne. Nata na asali ya karye musu a wata tafiya shekaru da yawa baya, aka nema aka rasa, sai Baba ya samo na wata motar a tashlih. Ya shiga ramin daidai, amma ya fi na asalin gajarta, saboda haka alamomin kamfanin da ke jikinsa ƙarya suke yi. Mai bin su sai ya cika injin har wuya, ƙarafan ciki su yi ta kaɗa man yana kumfa yana ƙonewa.

"Ni ma na kusa yin irin taku," in ji Baba. "Hannuna yana da yawa wajen zuba mai. Ita ce ta hana." Ya dubi Ustaz. "Mahaifiyarka. Ta ce in juye man duka, mu zuba abin da littafin motar ya ce, kwalba bakwai, mu ga inda zai tsaya. Ni na shiga ƙarƙashi, ita ta ƙirga. Muka jira har muka sha shayi. Da na zaro, sai ta ɗauko wuƙar da take yanka albasa ta tsaga wurin da hannunta. Ta ce nan ne iyaka. Ta ce da ni da motar nan halinmu ɗaya, ba yunwa ce za ta kashe mu ba, cin yawa ne."

Ustaz ya tsaya yana kallon ƙarfen. Na ga alamar bai taɓa jin labarin ba.

Baba ya tafa hannu. "To, kafin mai ɗaukar gawa ya iso, a cire wa 'yata abin da kuka ɗura mata. Ko tashlih za ta, ba za ta je da ciwon ciki ba. Ɗan Kano, ɗora lemon tsami ɗaya a kan teburin cikin motar."

Na ɗauka zafin abin ne ya taɓa shi, amma na yi yadda ya ce. Lemon ya gangara ya faɗo ƙasa. Baba ya ce to motar ba a daidai take ba, kuma geji ba ya faɗin gaskiya a kan gangare, wannan ma dabarar Hajiya ce. Muka tura, ni da Badamagare, Baba na ba da umarni daga kujera, har muka kai ta wani fili mai tauri. Muka sa faffaɗan dutse ƙarƙashin taya ɗaya. A karo na huɗu lemon ya zauna a tsakiyar tebur bai motsa ba.

Babu abin tarar mai sai babbar tukunyar shinkafa. Muka jira injin ya huce, na kwanta a rairayi na shige ƙarƙashi da sufana. Na kwance notin juye, man ya ɓalle, ya bi hannuna ya gangara ta hannun riga har hammata. Badamagare na durƙushe yana riƙe da tukunya yana cewa, "Yauwa, Bakano, yau kai ma an yi maka ciko." Ban da bakin ramawa, don in na buɗe shi mai zai shiga.

Da ya tsiyaye tas na ɗaure notin. Muka wanke robar ruwa mai cin lita ɗaya, muka shanya ta ta bushe, muka mayar da ita ma'auni. Ina ɗiba ina zubawa, Baba na ƙirgawa da ƙarfi. Da ya ce bakwai, hannuna ya koma cikin tukunyar da kansa, wallahi ba da sanina ba, don har yanzu akwai mai da yawa a ciki kuma raina bai ga dalilin barinsa ba. Baba ya ɗaga sandarsa, na janye.

"Yanzu shayi," ya ce. "Sai man ya sauka ya zauna."

Muna cikin shan shayin saɗaha ta iso. Direban ya juya ta da baya, ya fara sauke gadon bayanta yana ƙara, ya jawo sarƙa. Sharaɗi dai sharaɗi ne, mota ta tsaya a hanya, kowa ya gani, hayaƙinta ma ina jin har a Jaradiya an gani.

Baba ya ajiye kofinsa, ya miƙe, ya zaro gejin da kansa. Ban ankara ba sai na ga ya miƙa wa ɗansa.

"Duba mini," ya ce. "Idona ya tafi. Da can ita take karanta mini."

Ustaz ya karɓa. Ya waiga neman tsumma, tsumman kuwa yana cikin rairayi ya jiƙe sharkaf. Sai mutumin nan da ƙuda ba ya sauka a rigarsa ya kama gefen gyalen kansa ya goge ƙarfen da shi. Ya tsoma, ya zaro, ya ɗaga shi ga rana. Man ya tsaya daidai kan tsagar, bai haura ba, bai gaza ba. Ya sa babban yatsansa a wurin, kamar yadda mahaifinsa ya yi, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Daidai yake, Yuba," ya ce.

Ya mayar da gejin a hankali, ya rufe gaban motar, ya tafi wajen mai saɗaha. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga mutumin ya naɗe sarƙarsa ya ɗage gadon motarsa ya kama hanya. Ustaz ya dawo yana kaɗe hannu, ya dube ni da Badamagare, mai na ɗiga daga gwiwar hannuna.

"Da mota muka yi sharaɗi," ya ce da Larabci, "ba da direbobi biyu da ba su iya tambaya ba." Sannan ya ƙara mana da ɗaya daga cikin zagin nan biyu na kakarsa, da Hausa tsantsa, kuma ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Na murza makulli. Ta kama, ta yi ɗan hayaƙin ragowar abin da ya shiga inda bai kamata ba, sannan muryarta ta washe. Jar fitilar ta mutu. Ina jiran Ustaz ya koma motarsa, sai na ga ya jefa wa Badamagare makullinta, ya hawo karafan ɗin. Ya wuce ciki ya zauna a ɗan bencin da ke gefen tebur, kusa da labulen nan mai furanni. Daga baya na ji cewa nan ne mazaunin Hajiya. Ya ɗauki lemon tsamin ya riƙe a hannu don kada ya gangara, ga baƙin tabo a gefen gyalensa.

Baba ya juya fuskarsa wajen taga, ya daɗe a haka, ni kuma na kafa ido a kan titi don na san ba ya son a gani. Can gaba rairayi ya fara nuna kore.

"Ɗan Kano," ya ce, bai juyo ba. "Tafi da mu a hankali. Yau da ɗana zan fita."